Wa Juwairiyya Ke Wa Magana a Ɗaki?

Mahadi bai ko gama kwance kayan da ya ɗauro a babur daga Tsafe ba, mahaifiyarsa Inna Lami ta yafito shi zuwa rumfarta. Matarsa Juwairiyya na madafi, ɗansu na fari kuma na zaune shi kaɗai yana tsotsar yatsa. Sunan marigayi mahaifin Mahadi ya ci, shi ya sa ake ce masa Abba.

"Kai, zamna nan," in ji Inna, ta rage murya. "Karatun nan da matarka ka zuwa Gusau ran Asabar da Lahadi, na mi ne?"

"Na renon ƙananan yara ne, Inna. Makarantar da take koyarwa a Bungudu ce ta ce sai da shi."

"Reno! Mu da munka reni garke guda, wa ya kai mu aji? To bari ka ji. Kullum in ta dawo aiki sai ta shige ɗaki ta sa sakata. Ta ja yaron nan ta shiga da shi don ta ruhe muna ido. In ka ji kalaman da ka hita bakinta, sai ka toshe kunne! 'Hasken idona, yi mini dariya.' Da wa take, in ba wani ƙato cikin waya ba?"

Mahadi ya yi ƙarfin hali. "Ko da Abba take?"

Inna ta tafa hannu. "Ɗan hwari? Wace uwa ta ka yi ma ɗanta na hwari wagga magana? Ko kallonai ba ta yi gabana. In ta tabbata, gidansu za ta!"

Ta nan wajen Inna na da gaskiya. A tsakar gida Juwairiyya ba ta ɗaga ido ta dubi Abba, ko faɗuwa ya yi sai dai ta ce, "A ɗauke yaron can." Har yabonta ake yi a garinsu Nahuce saboda wannan kunya.

Shi zargi ba ya neman gurbi babba. Mahadi, wanda ya yi ta zarya Sabon Gari kafin a ba shi yarinyar nan, sai ga shi yana laluben wayarta in ta shiga wanka. Bai ga komai ba sai saƙonnin 'yan ajinsu da na malamarsu Dibora. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai zuciya ta ce masa ai gogewa take yi. In ta yi kwalliya ran Asabar ya ɓata rai, in ba ta yi ba ya ce dabara ce.

"Wai lafiya, Yaya Mahadi?" ta tambaye shi. "Ko na yi laifi ne?"

"Ke kika sani."

"Wallahi ban sani ba. In asaimen ɗin da ake ba mu a aji ne ke cin lokacinka, sori, na kusa gamawa."

Ya juya mata baya. Ta yi kukanta a ɓoye, ta ci gaba da yi masa girki kamar ba komai.

Wata Talata da rana ya rufe shagonsa na maganin feshi, ya kamo hanyar gida ba tare da ya gaya wa kowa ba. Tun daga bakin masallaci ya kashe babur ya turo shi. Inna ta nuna masa ƙofar ɗakin da haɓa. Ya laɓe jikin taga, kunya na cinsa, kishi na tura shi.

"Ina masoyina ya ɓuya?" Muryar Juwairiyya ce, da wani taushi da ya ɗauka nasa ne shi kaɗai. "Ga shi nan! Kalle ni mana. Ni da kai ne kawai, ba wanda zai ji."

Idonsa ya rufe. Ya daki ƙofar da ƙafa har sakatar ta ɓalle.

Juwairiyya na rub da ciki a kan tabarma, da ƙwarya kife a kanta. Ga murafan tukwane, ga ludayi, ga gwangwanin da ta zuba wa tsakuwa. Abba na gabanta da dariyar da ta maƙale masa, sai ya fashe da ihu ya ƙanƙame wuyanta. Wayar kuwa tana can kan gado, ko caji babu.

"Da... da shi kike?"

Ta tashi zaune, ta dubi ƙofar, ta dubi Inna da ke tsaye bayansa. Nan take ta gane komai.

"Da wa ka zata?" Hawaye suka zubo mata. "Yaron nan ya kusa shekara biyu bai ce uffan ba! Malama Dibora ta ce yaro a fuskar uwarsa yake koyon magana, a kalle shi, a amsa masa, a yi wasa da shi. Ina rungumar 'ya'yan mutane a makaranta, nawa kuma in wuce shi kamar ban san shi ba? In na yi a waje a ce ba ni da kunya. Na ɓuya don in girmama Inna — ashe abin da kuka ɗauke ni ke nan!"

"Juwairiyya, tsaya..."

"Tambaya ɗaya ta ishe ka, Yaya Mahadi. Ɗaya!"

Ran Asabar ta goya Abba ta tafi aji, daga can ta wuce gidan iyayenta a Sabon Gari.

Gida ya yi wa Mahadi faɗi. Inna kuwa ta ƙi saukowa. "Laihinta ne. Mu haka munka taras, kuma ba mu lalace ba."

Mahadi ya durƙusa gabanta. "Inna, ki gafarce ni. Ni ma ɗan fari ne. Ina yaro na sha zama bayan rumbu ina kallon kina wasa da ƙannena, ina tambayar kaina laifin me na yi miki. Sai da na girma na gane kunya ce. Amma yaro bai san kunya ba, Inna. Abin da ya gani shi ya sani."

Inna ta murza bakin zanenta. "Kai kana zaton daɗi nika ji? In ka yi kuka, ɗaki nika shiga in yi nawa." Ta share ido. "Tashi ka samo muna mota. Ni na ɓata, ni za ni biko."

A Sabon Gari, tsohuwar da ba ta saba ba kowa haƙuri ba ta riƙe hannun surukarta ta ce, "Ɗiyata, na zalunce ki. Ki yahe mini."

"Na yafe, Inna. Roƙona ɗaya ne: kar in sake ɓuya da ɗana."

"Yi abinki tsakar gida. In kunya ta kama ni, ni in shiga ɗaki."

Mahadi ya matso yana sosa ƙeya. Juwairiyya ta harare shi. "Kai kuwa hukuncinka firaktikal ne. Zauna ƙasa ka yi masa wasa."

Ya zauna, ya rasa ta inda zai fara. Abba ya leƙo daga bayan uwarsa yana kallonsa kamar baƙo, ya ƙi zuwa. Wannan ya fi komai yi wa Mahadi ciwo. Sai da aka yi makonni yana rarrafe a tabarma kafin yaron ya yarda ya hau bayansa, kuma kafin a girbe gero bakin Abba ya buɗe, har Inna na cewa a zo a raba ta da wannan aku.

Haƙurin Juwairiyya ya sama mata mijinta da ɗanta a fili. Mai zargi kuwa ya tambaya tun kafin ya fasa ƙofa. Kunya ado ce, amma ba a biyan ta da hakkin yaro.