Malik Sahib Ba Ya Magana A Zaune

Su uku ne a gidan da ke maƙwabtaka da mu a Multan: Malik Irshad, wanda kowa ke kira Malik Sahib, lauya mai shekara arba'in a kotu, da matarsa, da autarsu Nimra, wadda ita ma ba ta daɗe da saka baƙar kwat ɗin lauyoyi ba. Ba su rasa ci ba, ba su rasa mutunci ba. Jituwa suka rasa, a kan Taimur.

Taimur ƙaramin lauya ne, ko ofis ba shi da shi. Sau biyu mahaifiyarsa tana zuwa neman masa auren Nimra, sau biyu tana komawa da kwalin alewar da ta kawo na neman auren.

"Lauyan da ofishinsa ke cikin aljihu?" in ji Malik Sahib. "Kada ya sake tako min ƙofa!"

Sai annoba ta zo. Ƙungiyar lauyoyi ta rufe ofisoshin harabar kotu, aka ce shari'ar gaggawa kaɗai za a saurara, ita ma ta bidiyo.

Ranar farko Nimra ta ajiye wa mahaifinta kwamfuta a teburin falo. Alƙali na bayyana Malik Sahib ya miƙe, don tun da yake bai taɓa yi wa alƙali magana a zaune ba. Kansa ya fice daga hoton. Yana zuba hujja yana kai-komo, kotu tana kallon tumbinsa yana wucewa. Wani lauya ya manta bai kashe murya ba, aka ji dariyarsa.

Malik Sahib ya rufe kwamfutar, ya rataye kwat.

"Abbu, kowa fa zama yake yi..."

"Ni ba kowa ba ne."

"To Baba Ghulam da kake karewa fa? Jibi ne neman belinsa! Tsoho mai asma, a ɗakin kurkuku ɗaya da mutum sittin, ga ciwo yana yawo!"

"Ke ki tsaya masa."

"Ban taɓa yi ba, Abbu..."

Ya juya mata baya.

Ta hau saman soro ta kira Taimur tana kuka.

"Hasken idona, ya isa haka," ya ce. "Zan zo."

"Zai kore ka! Ƙila ma ya daina yi min magana..."

"Ya kore ni bayan an gama. Ke dai ki goge masa kwat."

Ran shari'ar da hantsi, Ammi, mahaifiyar Nimra, da kanta ta buɗe wa Taimur ƙofa, ta fesa masa maganin wanke hannu har gwiwar hannu.

"Wa ya shigo da wannan?" Malik Sahib ya daka tsawa.

"Ni," in ji Nimra.

"Kai ma zuwa ka yi ka ce in zauna?"

"A'a, Sahib." Taimur ya gyara takunkumin fuskarsa, ya ɗaga kwamfutar daidai fuskar dattijon. "Tun ina ɗalibi nake zama a bencin baya ina kallonka. Taku uku dama, uku hagu, sai ka tsaya ka cire tabarau. Yi tafiyarka, zan bi ka."

Malik Sahib ya miƙa hannu, Nimra ta saka masa kwat.

Minti arba'in aka yi. Ya yi dama, Taimur ya yi dama. Ya yi hagu, ya bi shi. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, gumi ya jiƙe rigar Taimur, hannuwansa suna karkarwa, amma bai sauke ba. Nimra tana miƙa takardu, idonta a kan hannuwan nan.

Alƙali ya ba da beli.

Ammi ta fashe da kuka daga bakin kicin. Malik Sahib ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa.

"Sauke hannunka, ɗana, kafin ka fasa min kwamfuta."

"Sun ƙi saukowa, Sahib."

Dattijon ya yi dariya, karon farko tun da aka rufe kotu.

"Ka gaya wa mahaifiyarka ta zo ran Juma'a. Mutum goma gwamnati ta yarda a tara, kada ta kwaso min dangi!"

"Abbu..." Nimra ta faɗa ƙirjinsa.

A ranar ta gane cewa ba Taimur mahaifinta yake ƙi ba. Tsoro yake ji kada yaran zamani su zo su ce masa lokacinsa ya wuce.