Mutum Ɗari Biyu a Rana

Da hantsi mai gidan abincin ta shigo caji ofis tana haki. Ta ce wata guda da buɗe wurin, an kwashe cinikin gaba ɗaya daga akwatin ƙarfe. Kuɗin sallamarta na aikin jinya ne ta zuba a harkar kaf.

Sufeto, da yake mutum ne mai gaggawa, ya sa aka kamo kuku daga gidansa tun kafin ya ga akwatin. Da ya je gidan abincin, ko ƙwarzane babu a jikin akwatin.

"Wa ke riƙe da makulli?" ya tambayi matar.

"Ƙanena. Akawu ne, shi ya yi mini hasashen cinikin shekara, mutum ɗari biyu a rana. Ni ina asibiti wajen mahaifiyarmu, littafin ciniki kawai yake kawo mini."

A kicin Sufeto ya tarar da faranti sittin, rabinsu ko takardar farashi ba a ɓare ba. Ya koma wajen kuku.

"Tukunya nawa kake ɗorawa?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe, ita ma sai ta kwana."

Mai facin da ke tsallaken titi ya yi dariya da aka tambaye shi. "Akawu? Kafin su buɗe wurin, sati guda ya zauna a bencina yana ƙirga masu wucewa. Satin ne aka rufe babban titi ana gyara, kowa ta nan yake bi. Ana buɗe titin muka koma kallon juna."

A ofis akawu ya fara rantsuwa. Sufeto ya ajiye littafin gabansa.

"Mutum ɗari biyu da tukunya ɗaya?"

 Akawu ya juya wajen yayarsa, bai iya ɗaga ido ba.

"Yaya, ba a saci komai ba. Ɗan abin da ya shigo cefane ya cinye. Na gano kuskurena bayan kin biya hayar shekara biyu, kunya ta hana ni faɗa, sai na riƙa cika littafi. Da kika ce a kai kuɗi banki, na ce an sace."

"Shi ne ka bari aka kulle bawan Allah?" in ji yayar.

Kofur ya tasa ƙeyarsa. Sufeto da kansa ya buɗe wa kuku, yana jin kunyar da bai taɓa ji ba a aikin nan.

"Ka yi haƙuri, baba."

Kuku ya sa takalminsa a hankali. "Ba komai, ranka ya daɗe. 'Ya'yana dai sun ga an sa mini ankwa."