Gidan Yusha'u Tela

Duk wanda ya zauna da Yusha'u tela a Tudun Wada zai shaida ba mugun mutum ba ne. Gajiya ce ta yi masa yawa, ta tarar da dogon buri a zuciyarsa.

Shi da matarsa Naja'atu haya suke yi a ciki da falo, irin gidan nan da ake layin banɗaki kowace safiya. 'Ya'yansu biyu, Hanifa da ta shiga firamare, da Adnan da bai daɗe da yaye ba. Tun suna ango da amarya suke tarin kuɗin gida. Naja'atu ce mai tsara komai. Abin da keken ɗinki ya kawo sai ta ware na abinci, na haya, na makaranta, ragowar ta haɗa da ribar awararta a zuba adashi. Amma da sun ɗauka sai wani abu ya taso. Zazzaɓi ya kwantar da Adnan, ko makaranta ta ƙara kuɗi, ko takalmin Hanifa ya matse ta. Ɗan gidan da suka ƙyalla ido a kansa a Tudun Jukun kuwa, kullum farashinsa gaba yake yi.

"Baban Hanifa, mu haƙura da ginannen gida," in ji Naja'atu wata rana. "Mu nemi fili ko rabi ne a bayan gari, mu riƙa ɗora bulo a hankali."

"A hankali har yaushe? Sai na yi furfura a gidan wani?"

Salmanu dillalin filaye, mai zaman hira a shagonsa, shi ya raɗa masa labarin wani boka a wani ƙauye gaba da Dutsen Abba. Da rana tsaka suka hau babur.

Bukkar kara ce a gindin busasshiyar tsamiya wadda ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. A ciki baƙaƙen tukwane ne a kife, ƙahonni a soke a rufi, ga wani turmi da jini ya daskare a bakinsa ƙudaje na bi. Bokan tsamurarren tsoho ne, idonsa ɗaya fari fat. Bai amsa sallama ba. Ya barbaɗa wani gari a garwashi, hayaƙi mai ƙaurin gashi ya turnuƙe ɗakin.

"Gida kake so," in ji shi. "Me ya hana ka saya?"

"Hidimar yara, Baba. Duk abin da na tara ita ke cinyewa."

"In muka ɗauke maka ita fa?"

"Ɗauke ta kamar yaya?"

"Ba tambaya ta kawo ka ba. Ka ce ka yarda, ko ka tashi ka ba ni wuri."

Yusha'u ya tuna fuskar mai gidan haya a ƙarshen shekara, ya ce ya yarda. Boka ya sa ya cusa bakinsa cikin tukunya ya maimaita. Ya yanka baƙar kaza a kan turmin, ya miƙa masa wani ƙulli, ya ce ya binne a bakin ƙofa ranar da ya tare. Bai karɓi ko sisi ba, Yusha'u kuwa bai tambayi dalili ba.

Kafin damina ta fita aiki ya rufe shi. Makarantu na kawo kwangilar kayan ɗalibai, 'yan kasuwa na biya tun kafin a yanka yadi. Ya cika shago da kekuna. Ɗan gidan nan ma raina shi ya yi, ya sayi babba mai get a unguwar. Ranar da suka tare ya binne ƙullin a bakin ƙofa. Naja'atu kuwa ta ce masa, "Ni dai kuɗin nan ba su kwanta mini a rai ba."

Adnan aka fara ɗauka. Yana wasa a tsakar gida da hantsi, ya zauna ya jingina da bango, shi ke nan. Ko ƙwayar magani ba a saya ba. Ba a yi arba'in ba Hanifa ta fara cewa wani dogon mutum na tsayawa a bakin ƙofa yana kiran sunanta. Ranar wata Litinin ta dawo daga makaranta, ta ɗaga ƙafa za ta shigo, ta faɗi da jakarta a baya. A makon nan cikin da Naja'atu ke ɗauke da shi ya zube.

Yusha'u ya koma ƙauyen shi kaɗai, ya zube gaban boka.

"Baba, 'ya'yana."

"Ka sayi madara watan nan? Ka biya kuɗin makaranta?"

"Ba haka nake nufi ba. Ku karɓi gidan, ku karɓi komai."

"Me za mu yi da bulo? Da bakinka ka faɗa, mun cika. Ko aure ka ƙara, ba za ka sake yin hidimar yaro ba."

Da ya dawo ya gaya wa Naja'atu komai, don ya kasa riƙewa. Ba ta yi kuka ba. Washegari ta goge kayan makarantar Hanifa, ta dama kunun Adnan, ta zauna a bakin ƙofa tana jiran su fito. Haka ta yi ta yi kullum, har ta fara tare yaran mutane a hanya tana ja. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita gidansu a unguwar Kwangila, inda take kulle a ɗaki har yau.

Aikin ya tsaya kamar yadda ya zo. Aka sayar da kekunan ɗaya bayan ɗaya. Gidan kuwa babu mai saye, 'yan haya ma ba sa yin wata, sai su ce suna jin gudun yara a tsakar gida. Yusha'u na kwana a barandar tsohon shagonsa, ko zare ba ya iya sa wa allura.

Kai da ke raba ɗan abin da ka samu tsakanin haya da makaranta da asibiti, har kana jin yaran nan sun hana ka gaba, ka riƙe bakinka, ka riƙe ƙafarka. Duk wanda ya ce zai ba ka gida bai karɓi kuɗinka ba, ya riga ya ga abin da zai ɗauka a ɗakinka.