Ranar da Kifi Ya Ji Ƙishirwa

Ranar da Ngale ya fara zuwa shagon kayan keke na Mola Ekema, hazo ya janye daga kan dutse tun da safe, abin da ba kullum yake yi mana a garinmu Buea ba. Sai ga dutsen Fako tsaye a bayan gari, kore shar daga ƙasa, baƙi wuluk daga sama, har direbobin tasi suna rage gudu suna leƙe. Mu da aka haifa a gindinsa ma, in ya yaye fuska haka, shiru muke yi.

Ngale ya jingine kekensa na hawan dutse, ya saki baki yana kallo, sai wata murya ta kira shi yadda muke kiran namiji don girmamawa, ta ce, "Mola, in kallo ka zo yi, kyauta ne. In saye ne, ga ƙofa nan."

Ya juyo. Enanga ce, 'yar mai shagon, baƙa mai wushirya, da baƙin mai na sarƙar keke a kumatunta. Nan take bawan Allah ya manta da dutsen.

"Jakar ruwa nake so," ya ce da ƙyar. "Ta goyo, mai tiyo. Waccan ƙaramar shuɗiyar."

"Ina za ka da ita?"

Ya nuna sama.

Ta ƙare masa kallo. "Kai ɗan ina ne?"

"Debunsha. Aiki ya kawo ni gonar shayi."

Ai kuwa ta tuntsire da dariya har da dafa kanta. "Debunsha ta bakin teku? Garin da in ka ɗaga kai ka buɗe baki ka ƙoshi? Shi ya sa! To saurara, Kifi. Can sama, da ka wuce daji, babu rafi, babu kududdufi. Ko ruwan sama aka tafka, dutsen ya shanye kafin ka sunkuya. Wannan 'yar kwalliyar lita ɗaya ce, ta masu zagaya gari a ɗauke su hoto."

Ta sauko da wata baƙa, mummuna, mai cin lita uku. Ta nuna masa faɗin bakin robar cikinta, yadda hannu zai shiga a wanke ta kada ta yi gansakuka. Ta nuna masa aljihun famfo da na faci, da kan tiyon da ake cizawa ruwa ya zo ba sai an saki kan keke ba. Sannan ta cika ta, ta goya masa, ta ja maɗaurin ƙugu, ta zagayo gabansa ta ɗaure na ƙirji.

"Yi tsalle."

Ya yi. Jakar ba ta motsa ba.

"Ka gani? Wadda ke rawa a baya, a gangara ita ce za ta jefar da kai. Numfasa in ji ko ta matse ka."

Ina numfashi! Hannunta na kan ƙirjinsa, zuciyarsa na dakan lugude. Ta ji sarai, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ciro jan zare ta ɗaura a wuyan tiyon, wai don kada ya sha da na wani.

Tun daga ranar waya ba ta huta ba.

"Raɓata, yau na kai ƙarshen daji. Na ga gajimare a ƙarƙashin ƙafata. Wallahi tsoro ya kama ni, sai na taɓa jan zaren nan."

"Kifina, ka sha ruwa kafin ka ji ƙishi, ba bayan ka ji ba. Kuma ka daina kirana Raɓa, kunya nake ji."

"To me zan kira abin da na tarar da safe ya sanyaya mini rai?"

"Ka ci abinci dai? Na ajiye maka kwakoko, alalen gwazan nan, da miyar kwakwar manja."

Ran Lahadi bayan coci tare suke hawa. Ita ce a gaba kullum, domin Enanga ta iya keke kamar a kansa aka haife ta. Ita ta kai shi inda tsohon aman wuta ya daskare, fili guda na baƙin dutse mai kaifi, ko tsuntsu ba ya kuka. Suka tsaya suna kallo. Can ya ce a hankali, "Ashe haka duniya take kafin a zuba mata mutane." Ta kama hannunsa.

Kash! Abin da ya ɓata lamarin bai taka kara ya karya ba, a ganinsa. Wata Asabar, zai fara hawa, ya ji jakar ta yi masa nauyi, sai ya buɗe ta a ƙofar shago ya tuttular da rabi a kwata. Mutumin Debunsha fa, wanda ruwa ke kora daga gida! Mola Ekema na zaune a benci yana kallo.

Tsohon nan ya yi ƙuruciyarsa yana dakon kayan masu hawan Fako. Kuma shi ne ya taɓa saukowa da gawar ƙaninsa a kafaɗa, bayan hazo ya ɓatar da su ruwansu ya ƙare. Tun daga nan ko kofi bai yarda a bar saura a watsar ba.

Da dangin Ngale suka aiko za su zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure, cewa ya yi kada su wahalar da kansu.

"Papa, me ya yi?" Enanga ta tambaya, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yaron kirki ne, ban ce ba. Amma bai taɓa jin ƙishirwa ba. Wanda ya zubar da ruwa don bayansa ya huta, ranar da kika yi masa nauyi fa? Ba zan ba shi ke ba."

Dama akwai mai jiran wannan rana: Lyonga, zakaran tseren keke na gari, ɗan gaye, mai goya 'yar jakar nan ta lita ɗaya don kada nauyi ya rage masa gudu. Ya daɗe yana zarya a shagon. Ya jingina da kantar shagon ya ce wa Enanga, "Ki daina kuka a kan ɗan masunta. Ba ki ga yadda yake washe wa ƙanwata Limunga baki ba? Gobe ma hanya ɗaya za mu bi."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma zuciyar da ke ciwo ba ta tantancewa. Ngale ya turo saƙo: "Raɓata, zan jira ko shekara nawa ne." Ta karanta, ta kife wayar.

Washegari, rana ta ɗan karkata, sai ga keke ya shigo layi a sukwane. Limunga ce, kuma a bayanta baƙar jakar nan, jan zare na reto a kafaɗarta.

Enanga ta fito kamar an watsa mata wuta. "Har ta kai ya goya miki ita? Jakar da na ɗaura masa da hannuna? Cire ta, maras kunya!"

"Ke tsaya!" Limunga ta faɗi zaune tana haki. "Lyonga ya faɗi a baƙin fili, ƙafa ta karye. Waya ba ta kamawa, ruwanmu ya ƙare tun hantsi. Ngale ne ya iske mu. Ya cika wa yayana tasa 'yar jakar, ya goya mini sauran ya ce in sauko in kira mutane, kada in faɗi a hanya."

Mola Ekema ya miƙe daga benci. "Shi fa? Me ya rage wa kansa?"

"Ko ɗigo, Mola. Kuma da nauyinta ya hau, cike take fal."

Tsohon ya juya cikin shago. Ya ɗauko tsohuwar gorarsa, ya kira 'yan dako, suka shiga a-kori-kura har inda mota ke iya kaiwa, daga nan sai ƙafa. Enanga na gaba da jakar a baya, ta sake cika ta, tana tafe tana addu'a tana zagin kanta.

Da suka fita daga daji suka keta hazo, sai ga su a samansa. Jama'a, wanda bai gani ba ba zai gane ba! Gajimare shimfiɗe a ƙasa fari fat har iyakar gani, can ya tsage teku na walƙiya, tsibirin da birnin Malabo yake ya ɗago kai shi kaɗai kamar yana shawagi. Rana ta yi ja, baƙin filin nan ya koma ruwan zinariya. 'Yan dakon da suka tsufa a hanyar ma sai da suka cire huluna.

A tsakiyar wannan girma, ga ɗan mutum ƙanƙani a durƙushe. Ngale ne, ba riga, ya kafa ta a kan kekuna biyu ta yi wa Lyonga inuwa. Ya ɗaure masa ƙafa da famfo da robar taya, yana riƙe masa tiyo a baki. Nasa leɓen kuwa sun tsattsage, sun yi fari.

"Na ce ya sha, ya ƙi," Lyonga ya ce, yana kuka wiwi kamar yaro. "Enanga, ƙarya na yi masa. Ku yafe mini."

Ta zube gaban Ngale ta miƙa masa tiyon mai jan zare. Sai mahaifinta ya tare ta. Ya tsuguna da kansa, ya buɗe gorar da ba a taɓa ganin wani ya sha a cikinta ba, ya kafa masa a baki.

"Kaɗan-kaɗan. Yaya ka ji ƙishirwa?"

Ngale ya haɗiya, murya a dishe. "Ba ta da daɗi, Mola. Harshena kamar ba nawa ba."

"Ruwa na hannunka. Me ya hana ka kurɓa?"

"Shi ke zubar da jini. Ni na san Enanga za ta zo."

Tsohon ya juya ya daɗe yana kallon tekun, yana goge ido da bayan hannu. Sannan ya ce, "Ka gaya wa mutanenka ƙofata a buɗe take. Su zo da wuri, ɗana."

An ɗaura aure bayan damina. Mutanen Debunsha suka zo da kifi kwando-kwando, da lemar ruwa kowa a hammata, muka yi ta yi musu tsiya. Lyonga ya zo da sanda, kuma shi ya fi kowa rawa da ƙafa ɗaya. Da aka fito daga coci, Fako ya sake yaye fuska, tas, kamar an gayyace shi.

Mola Ekema ya cika baƙar jakar nan da hannunsa ya goya wa ango a kan kwat ɗinsa. Amarya ta zagayo ta ɗaure maɗaurin ƙirji.

"Ta yi nauyi, Kifina?"

"Ƙara ja, Raɓata. Ba zan sauke ba."

Tsohon ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya sa kada ɗayanku ya ji ƙishi alhali ɗayan na kusa. Ya ba ku 'ya'ya masu tausayi, ya sauko da ku lafiya duk inda kuka hau."

Muka amsa da amin, har da 'yan dako a bakin ƙofa.