Yatsun da Na'ura Ta Ƙi

Ranar da Yesenia ta je a ɗauki zanen yatsunta, wani ma'aikaci mai suna Stefan ta tarar a bakin na'urar. Ta ci jarrabawar mataimakan masu haɗa magani, wani kantin magani a birnin Toledo zai riƙe mata aiki zuwa ƙarshen wata. Saura hukumar jiha ta duba yatsunta ta ba da lasisi.

Ya riƙe hannunta yana dangwalawa, ya daɗe fiye da yadda aikin ya nema. Na'ura ta ƙi. Shekara shida tana wanki a otal, sinadarin wanki na bilic ya cinye zanen tas.

"Ki bar taɓa ruwan wanki sati uku, ki dinga shafa mai," ya ce. "Kawo lambarki in riƙa tuna miki."

Tunin nan ya wuce na mai. Kullum sai saƙo: "Zumata, kin shafa? Yatsun nan nawa ne, ki kula min da su."

"Na shafa, sarkin naci. Ko safar hannu ban cire ba."

Ana gobe za ta koma wajen na'urar, ya kai ta gaida mahaifiyarsa, Misis Wojcik. Ita kuwa ta riga ta zaɓa masa 'yar ƙawarta, kuma ta san labarin yatsun sarai. Ta aike shi sayen burodi, ta turo wa Yesenia ƙonanniyar tukunya da soson ƙarfe da bilic.

"Safa a gidana? Ashe 'yar wankin otal ma ta iya yanga. Cire."

Ta cire, don tana son ɗan matar. Ta dirje tukunyar da yatsunta cikin bilic.

Washegari na'ura ta sake ƙi, aikin kantin ya tafi. Stefan ya juya hannunta, ya ga fata a saɓule.

"Kai ka tafi ka bar ni da ita," ta ce, ta fice.

Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba, sai ga saƙo: "Zumata, ban sani ba. Na kwashe kayana daga gidan. Ki aure ni, tukwane ni zan wanke."

Wata biyar hukuma ta ɗauka tana bincike da sunanta maimakon yatsu kafin lasisi ya fito. A satin aka ɗaura aure a coci, amarya da farar safar hannu.

Misis Wojcik ta matso gaban jama'a tana murmushi. "Allah ya yi muku albarka, 'yata. Cire safar mana in ga zoben."

"Amin, Misis Wojcik," in ji Yesenia. "Nan ba gidanki ba ne."