Abin da Aka Ɗura wa Baba

A barandar ɗakin masu tsananin ciwo Auta da ƙaramin likitan suka fara haɗuwa, wurin da ko ƙuda ba ya son daɗewa. Warin maganin goge ƙasa ya gauraya da na mutanen da suka kwana biyu ba wanka, kwandon shara ya cika da safar hannu har tana zubowa, ba wanda ya ce uffan. Auta na zaune a bakin benci kusa da Mama, da takalman Babanta a kan cinya, don ta rasa inda za ta ajiye su.

Baba kafinta ne. Ƙusa ce ta karce shi a ƙwauri, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aikinsa. Ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, har ya fara kiran Mama da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Da aka kawo shi asibiti suka ce cutar ta shiga jini, jinin ya faɗi warwas, ƙoda na shirin tsayawa.

Babban likita ne ya fara fitowa, mai tumbi da ƙaton agogo, wani ƙaramin likita na biye da shi riƙe da takardu. Ƙaramin ya nufi Mama. Babban ko tsayawa bai yi ba, ya yarfa hannu kamar mai korar kaza, ya ce da Turanci a bar tsohuwar, a nemi mai karatu, lokaci na tafiya. Auta ta ji. Mama ba ta jin Turanci, amma ta ga hannun.

Sai ƙaramin ya juya ya durƙusa gaban Auta. Dogo ne siriri, biro ya yi masa ɓarin tawada a aljihu bai sani ba.

"Ke ce 'yar mai gado na huɗu?"

"Babana ba gado ba ne. Kafinta ne."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, 'yar kafinta. Muna wani bincike a kan masu irin ciwonsa. Duk maganin da ake ba kowa za a ba shi, ba a rage komai. Sai dai akwai ƙarin ledar ruwa guda da za a ɗura masa. Wasu sabon magani ne a tasu, wasu ruwan gishiri ne kawai. Ledar a lulluɓe take da baƙin ƙyalle, kwamfuta ke zaɓar wa kowa tasa. Ni ban san abin da ke ciki ba, Oga ma bai sani ba."

"To amfanin me?"

"Don kada son rai ya shiga. In mun sani, sai mu riƙa ganin sauƙi inda babu shi. In kin ce a'a, wallahi kulawar da za a yi masa ba za ta canza ba."

Auta ta dubi idonsa. Ja ne don rashin barci, amma bai kawar da shi ba. Ta sa hannu.

"Me yake cewa?" in ji Mama.

"Magani ne, Mama."

Da wannan 'yar kalma aka sallami matar da ta kwashe shekaru tana cire wa mutumin nan sartse a tafin hannu.

Kullum da safe ƙaramin likitan kan fito da 'yan kwalaben jinin Baba a tire, ya tsaya ya faɗa wa Auta halin da ake ciki ba tare da jibga mata Turanci ba. Yau jinin ya ɗan tashi. Yau an rage ƙarfin na'urar numfashi. Yau fitsari ya fara zuwa.

"Ban taɓa zaton zan yi murna da fitsarin Baba ba," ta ce.

Ya yi dariya har kwalaben suka kaɗa. Mama ta bi shi da harara, ta raɗa masa suna Sauro: ga shi siriri, ga zuƙar jini. Sunan ya bi shi har bakin masu goge-goge.

Ranar da Baba ya buɗe ido ya tambayi wanda ya bar masa zarto a waje, Auta ta tura saƙo zuwa lambar da Sauro ya ba ta:

"Baba ya gane ni. Na gode, ɗan mutanen kirki. Ka duba aljihunka, tawada ta zuba. Ka ci abinci kuwa?"

Amsa ta zo: "Alhamdu lillahi. Wannan lamba ta tambayoyin bincike ce kawai."

Ta ji kamar an sheƙa mata ruwan wanke-wanke. Daga ranar, in ya fito da tirensa sai ta sami abin kallo a bango.

Baba ya rayu, amma yatsun ƙafarsa ta hagu suka yi baƙi kamar gawayi, suka fara wari, aka yanke su sai babban kawai aka bari. Babban likita ya zo zagaye da ɗalibai, ya ɗaga zanin gado da bakin biro kamar mai duba mushe, ya ce an yi nasara. A nan wata nas ta ambaci baƙar leda, Mama ta tsare Auta, Auta ta faɗi komai.

"Wato gwaji aka yi da mijina ina zaune kamar buhu."

Bayan sallama Mama ta mai da asibitin gidanta na biyu. Tambayarta ba ta da tsawo: me aka ɗura masa, kuma wa ya ce kada a tambaye ta? Wannan ofis ya tura ta wancan, wancan ya ce mai kujerar ya fita. Wata mai jan baki ta ce mata ba a buɗe sirrin leda sai an gama binciken gaba ɗaya, nan da wasu shekaru, tana magana tana tsotsar ƙashi a kan teburin aiki.

Ana cikin haka Baba ya je dubawar ƙarshe. Da yamma saƙo ya shigo wayar Auta daga wata lamba:

"'Yar kafinta, Sauro ne. Yau Baba ya fita daga hannuna. Dokar aikinmu ta hana ni neman 'yar majinyacin da nake bi, shi ya sa na ba ki amsar nan mai kama da dutse. Na goge ta don kunya, saƙonki kuwa na kasa gogewa. Ban ci abinci ba ranar. In kin yarda, ina so in zo in gaida Baba, in kuma gan ki ba tare da kwalba a hannuna ba."

Ta bar shi ya daɗe yana jira, yadda ya dace da shi, sannan ta rubuta:

"Ban taɓa jin sauron da ya nemi izini ba. Ka zo. Amma ka sani Mama ba ta ajiye mafici."

Kafin ya zo sai da waya ta yi zafi tsakaninsu. Yana ce mata Autata, tana ce masa Saurona, in ta so jan magana ta ce Ɗan Tawada.

"Me ka gani a wurina? Ranar ko fuska ban wanke ba."

"Kin rungume takalman tsoho kamar jariri. Na shiga ciki na rasa jijiyar da zan soka."

"Allah ya isar wa wanda ka soka ranar."

Mama kuwa tana da nata gwanin, ɗan ƙawarta mai shagon wayoyi, mai turare kamar an fasa kwalba. Sau ɗaya ya zo asibiti, ya toshe hanci a bakin ƙofa, ya miƙo ledar lemo daga nesa ya gudu.

Ranar da Sauro ya zo gida, ya durƙusa a tsakar gida ya gaida Baba da ke zaune da ƙafa a naɗe. Mama ta fito ta tsaya a kansa.

"Me ka ɗura wa mijina?"

"Ban sani ba, Mama."

"Kar ka ce min Mama. Mutumin da zai ɗura wa ɗan Adam abin da bai sani ba, shi zan ɗauki 'ya in ba? Gobe ka yi mata wani abin ka ce kwamfuta ce. Kuma ranar nan ni ka nufo, na gan ka da idona. Aka yarfa maka hannu ka juya kamar an ja ka da igiya."

"Haka aka yi. Tsoron Oga ya fi min kunyarki yawa. Ban kyauta ba."

"Ki bar yaro ya sha ruwa mana," in ji Baba.

"Kai ka yi shiru. Da ka yi magana ranar da ƙusa ta karce ka, da ba mu san waɗannan mutanen ba." Ta juyo kan Sauro. "Ka kawo min amsa, ka kawo min mai tumbin nan gabana. In ba haka ba, kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar nan."

Auta ta raka shi bakin titi idonta cike da ƙwalla. A nan ya faɗa mata cewa hanya ɗaya ce. Akwai kwamitin da ke sa ido a kan binciken. In aka kai musu rahoton cewa wani majinyaci ya samu illa, suna da ikon buɗe sirrin ledarsa shi kaɗai. Ya daɗe da rubuta maganar yatsun Baba, Oga ya ce ba ta da alaƙa da bincike, ya hana a aika, don kada a dakatar masa da aiki.

"In ka tsallake shi fa?"

"Shi ke sa hannu a ƙarin girmana."

"To ka bari. Ni ma ina da laifi, ni na ce mata magani ne. Zan lallashe ta."

"Autata, ko da ba ki a duniya, aikina ne in kai. Na yi shiru ne irin na ranar benci. Ba na so in aure ki ina mutumin da ake juyawa da hannu."

Ya kai. Oga ya cire shi daga binciken, ya tura shi ɗakin wankin ciwo, inda ake kwance bandejin da ya kwana cikin mugunya. Ya turo mata saƙo daga can:

"Na samu sabon ofis. Ba zan kwatanta miki ƙamshinsa ba saboda ina son ki."

Ta amsa: "Ka wanke hannu da kyau kafin ka taɓa wayar da kake kirana da ita. Ina alfahari da kai, Saurona."

Kwamiti ya kira Mama da Baba, ya kira babban likita. Ɗaki mai sanyi, dogon tebur, ruwan roba a gaban kowa. Wani ya fara Turanci, Mama ta ce a sauko a yi da bakin da take ji. Sannan ta sa Baba ya cire safa ya ɗora ƙafar a kan teburin, tsakanin robobin ruwa. Wasu suka ja kujera baya.

"Ku kalla da kyau. Nasara ce, haka aka ce."

Shugabar kwamitin, wata dattijuwar likita mai furfura, ta kalla ba ta ja baya ba. Ta ce sun buɗe. Ledar Baba ruwan gishiri ce. Yatsun kuwa, ciwon ne da kansa, da kuma maganin ɗaga jini da ake ba duk wanda jininsa ya faɗi haka, mai matse ƙananan jijiyoyi. Ba don shi ba, da ba yatsun kaɗai za a rasa ba.

Mama ta ja tsaki mai tsawo.

"Ruwan gishiri. Duk baƙin ƙyallen nan, duk yawon da kuka sa ni, a kan abin da nake da shi a kicin. Da wani ya zauna ya faɗa min wannan tun farko, bakinsa zai guntule ne?" Ta nuna babban likita. "Saura kai. Hannun nan da ka yarfa min."

Ya motsa baki, ya ce wani abu a cikin tumbinsa.

"Ban yi boko ba, amma kunnena lafiya lau. Ban ji ba."

Shugabar ta dube shi. Ya ɗaga murya ya ce ta yi haƙuri, bai kyauta ba. Kwamiti ya ce ya yi kuskuren danne rahoton, asibiti zai ci gaba da kula da ƙafar Baba, kuma daga yau ba a tsallake miji ko mata don ba su iya karatu ba, sai an yi musu bayani baki da baki a gaban shaida. Maganar mayar da Sauro wurinsa, suka ce za su duba. Har yau suna dubawa.

A waje Mama ta same shi tsaye yana murza hannu.

"An ce wankin gyambo aka mai da kai."

"E, Mama."

Ba ta hana shi sunan ba. "Ya fi maka. Aƙalla kana ganin abin da kake zubawa. Ka turo manyanka."

Mai shagon wayoyi ya aiko a mayar masa da cajar da ya taɓa ba Auta. Aka mayar, har da kwalinta.

Aka ɗaura aure, Baba ya tsaya da sanda ya karɓi gaisuwa, ya ƙi zama duk roƙon da aka yi masa. Da za a tafi da amarya, Mama ta kama hannun Auta da na ango ta haɗa.

"Ni ban yafe wa asibitin nan ba, har gobe in na wuce ƙofarsa sai na tofar da yawu. Kai dai na yafe maka. Ga ta nan, tana da baki, ka san inda ta samo shi. Duk abin da za ka yi da rayuwarta, ka tambaye ta, ka kuma tsaya ka ji amsa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu kunya, ya sa ku tsufa tare da gaɓoɓinku cif."

Baba ya ce amin, Auta ta ce amin daga cikin mayafi. Ango ya buɗe baki zai yi godiya, Mama ta ce ya rufe, ba ta gama ba, ta ɗora addu'a daga inda ta tsaya.