Goruba a Bayan Riga

Ina cikin jego a gidanmu na Illo, ko suna ba a yi ba, Yaya Lami ta shigo. Yayar mijina Bunyaminu ce. Ba ta dubi jaririn ba.

"Shafa... sai haƙuri. Bunyaminu ya riga mu."

"Rigar fa?" Abin da ya fito bakina ke nan. "Da rigar ya kwanta?"

Ta sunkuyar da kai.

Mijina mai minshari ne. Abokan nomansa a Kaoje injin ban-ruwa suke ce masa, ni ma na yi dariya farkon aurenmu. Amma ni kaɗai na san shirun da ke biyo baya. Numfashinsa ya tsaya cak, sai na zungure shi ya jawo iska kamar wanda aka tsamo daga gulbi. Da rana kuwa ya yi ta gyangyaɗi bisa buhun shinkafa.

Wata shekara likitoci suka zo Bagudo suna bincike a kan barci da hawan jini. Na matsa masa ya je. Suka kwanar da shi, suka manna masa wayoyi a kai da ƙirji. Da safe likitar ta kira ni.

"In ya kwanta rigingine maƙogwaronsa toshewa yake yi. Ga hawan jini, abin na iya kai shi ga shanyewar jiki. Ya riƙe magani. Kafin a samu na'urar numfashi, ki ɗinka masa wani abu mai tauri a bayan riga, ya dinga kwana ta gefe."

Goruba na ɗinka masa.

"Matan wasu hula suke ɗinki," ya ce yana dariya, "ni goruba na samu."

"Ka raina ta?"

"Ni? Ko da dutse kika sa, Shafata, zan goya."

Da cikina ya tsufa Inna ta zo ɗaukata goyon ciki. Na durƙusa gabanta.

"Inna, ki bar ni in haihu ɗakina. Ba mai tada shi in ba ni ba."

"Haihuwar fari gidan miji? So kike a ce ba ki da uwa?"

Na dube shi ina kuka, ko zai sa baki. Surukarsa ce, ina zai iya?

"Tafi, masoyiya," ya ce a hankali. "Ga gorubarki tana gadina."

Yaya Lami ce ta faɗa mini sauran. Mahaifiyarsu ta kwashi kayansa za ta wanke, ta ji abu a ɗinke cikin riga. Ta zaci sammu aka yi wa ɗanta, ta jefa rigar wuta. Shi kuma kunya ta hana shi yi wa uwarsa zancen kwanciyarsa. Ya ce ranar kasuwa zai sayi wata gorubar.

Ranar kasuwar ba ta same shi ba. An tarar da shi rigingine, baki a karkace, ɓarin jiki ya mutu. A hanyar asibiti ya cika.

Bayan na fita takaba na koma wurin likitar na riƙe hannunta.

"Ki faɗa mini gaskiya... da ina nan, da yana nan?"

"Ba wanda zai iya ce miki haka, Shafa'atu. Ko ni."

Surukata har yau ba ta iya haɗa ido da ni. Ban riƙe ta ba. Son ɗanta ne ya sa ta.

Sunan babansa aka sa wa yaron, Abba nake ce masa. Yanzu har gudu yake yi, kuma an duba shi, lafiyarsa lau. Amma kullum in ya ɓingire da barcin rana, sai in ajiye abin da ke hannuna, in je in juya shi gefe. In sa yatsa ƙarƙashin hancinsa, in jira.